Kwandansar da Higinio Ya Ƙi Nunawa

Ƙarfe biyar da rabi na safe Don Higinio Burruel yake ɗaga ƙofar garejinsa. Na san haka domin ƙofar ta ƙarfe ce mai kuka, kuma tagar ɗakina tana kallonta yau shekara arba'in da ɗaya. Ba leƙe nake yi ba, a wurin magini ya sa tagar. Da shara yake farawa. Ya yayyafa ruwa a tsakar garejin, ya shimfiɗa tsohon buhu a kan teburi, ya jera sifanoninsa daga ƙarama zuwa babba kamar za a ɗauke su hoto. Sannan ya ɗora kofi a ɗan risho, ya zauna a kujerar wata mota da ta mutu tun ina da haƙoran gaba, ya fuskanci hanya. A da, kafin kofin ya tafasa mota uku sun yi layi. Yanzu kuwa kofin ya tafasa, ya sha, ya wanke gwangwanin, rana ta hau, babu wanda ya tsaya. Shekara shida ke nan ana haka.

Ƙarshen watan nan zai rufe. Idonsa ya fara dushewa, 'yarsa ta ce ya koma wurinta a Caborca. Na tambaya ko za a yi masa wani abu, ko da cin abinci ne a zauren taro. Don Evaristo, shugaban ƙungiyar manomanmu, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Doña Herminia, wa zai zo?" Shi ya sa na ɗauki biro. Aji uku na yi a makaranta, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Fada, limamin cocinmu, ya ce zai sa a takardar coci idan babu zagi a ciki, na kuwa yi iya ƙoƙarina. Abu ɗaya nake so. Kada mutumin nan ya bar garinmu El Carrizo da sunan da muka laƙaba masa, sunan wanda ya kashe Rosalba.

Aikinsa gyaran na'urar sanyin mota ne. Ba sai na gaya wa ɗan garin nan abin da hakan yake nufi a watan Yuni ba. Mai cukun bakin gada, idan da sauran kunya a idonsa, zai faɗa muku sau nawa Higinio ya bar abincin rana a buɗe ya shiga ƙarƙashin motarsa don kada cukun mako guda ya narke kafin ya kai birnin Hermosillo. Malamar makarantar da ta haihu shekarar da kogi ya cinye gada, a motar da ya gyara da safiyar ranar aka zaga da ita ta doguwar hanya, ta isa asibiti da ranta da na ɗanta. Ana ce masa Maistro, wato gwanin sana'a, kuma a lokacin da dukan baki ake faɗa.

Amma abin da ya raba shi da sauran makanikai ɗabi'a ce guda. Duk abin da ya cire daga motarka sai ya miƙa maka a hannu. Ya wanke shi, ya ɗauki alli ya zagaye wurin da ya lalace, ya sa yatsa ya ce, "Ga shi nan. Ga abin da ya jawo." Ko kana sauri sai ka tsaya ka gani. Ba ya duban ko wane ne kai. Shekarar da kazata mai wake-wake ta ɓata, Don Evaristo ya rantse a gaban mutane cewa motarsa ba ta ko bi layinmu ba. Kwana uku bayan haka sanyin motar ya ɗauke. Higinio ya ciro masa kwandansa, wani ƙarfen na'urar sanyi da ke gaban mota, a lotse, ya zagaye lotsin da alli, ya zaro gashin kaza uku daga ciki ya jera a tafin hannunsa.

"Wannan fa?" in ji Don Evaristo.

"Ban sani ba, Don Evaristo. Ni dai mota ba ta fitar da gashi."

Na samu kaza biyu a madadin ɗaya. Daga ranar duk garin ya sani, abin da allin Higinio ya zagaye ya zauna.

To, ga yadda abin ya faru. Ƙungiyar manoma tana da a-kori-kura fara guda ɗaya, kun san ta. Ita ke ɗauko taki, ita ke kai gawa, ita ke ɗaukar mutum-mutumin waliyyi San Juan zuwa kogi ranar idinsa. Shekarar da nake magana a kai, ita ce kuma take kai Rosalba wankin ƙoda a Hermosillo sau uku a mako, awa uku zuwa, awa uku dawowa. Rosalba ita kaɗai ce 'yar Cleotilde. Ni na riƙe ta a coci ranar da aka yi mata baftisma, don haka ni da uwarta komadre muke ce wa juna, kuma shekara arba'in muna faɗa muna shiryawa kamar 'yan ciki ɗaya. Mijin Cleotilde ya daɗe da rasuwa. Rosalba ce kaɗai abin da take da shi a duniya.

Farkon Yuni sanyin motar ya mutu. Chencho direba ya kawo ta gareji, ni kuma na ɗauko kujerata da kwanon wake na zauna tsinta a inuwar bangon Higinio, domin inuwarsa ta fi tawa. A gabana aka yi komai. Ya ɗaga murfin inji, ya kwance ragar gaban motar, kowane noti ya jefa shi a gwangwanin kifi. Dab da bayan ragar nan, a gaban lagireto, akwai wani faffaɗan abu mai kama da saƙar zuma. Shi ne kwandansa, a nan gas ɗin sanyi yake huce zafinsa. Bututunsa sirara ne, ba su fi tsinken tsintsiya ƙarfi ba. Idan ɗaya ya huje gas ya gudu, abin da zai riƙa hura maka a fuska hucin tanda ne. Tsohuwar ta ruɓe, tsakuwa da fari sun cinye ta. Ya zuƙe sauran gas ɗin, ya kwance bututu biyu, ya zaro ta a hankali, ya zagaye wurare huɗu da alli ya miƙa wa Chencho.

Sabuwar kuwa daga cikin kwali ta fito, da ledarta. Na gani, domin ni na roƙi kwalin na kai wa kajina. Ya sa sababbin zobban roba, kowanne sai da ya shafa masa mai da ɗan yatsa. Ya ɗaure, ya haɗa na'urar da ke zuƙe iska daga bututun, ya zauna yana kallon allurar agogon awo awa guda cur.

Chencho ya gaji ya ce, "Maistro, allurar nan ba za ta haihu ba."

"Idan ta motsa akwai ɓula. Mara lafiya za ka ɗauka, ba taki ba. Zauna."

Allura ba ta motsa ba. Ya cika gas, ya tayar da mota, ya aika aka kira Rosalba ta zo ta gwada. Ta shiga ta rufe ƙofa, ta jingina kai ta lumshe ido. Da ta sauke gilashi sai ta ce, "Maistro, a gaya wa Mama ta kawo mini matashina, na tare a nan." Ranar ce ta ƙarshe da na ga Higinio ya yi dariya har da riƙe ciki.

Idin San Juan ya zo, ashirin da huɗu ga wata. Kamar kowace shekara mu matan coci muka taru da sassafe don yi wa motar ado da ganyen dabino da furannin takarda, muna ɗaure su da siririyar wayar ƙarfe. Amma Cleotilde ta yi bakance. Ta ce wa waliyyi idan ya bar mata 'yarta ta ga wani idin, ita kaɗai za ta rufe gaban motar da fure ɗari masu ruwan ƙwai, da hannunta, ba mai taya ta. Wata biyu tana naɗa su. Na matso zan riƙe mata kwando ta buge mini hannu.

"Komadre, ke da waliyyi ba ku yi alkawari ba. Je ki bayan mota, can ya dace da ke."

"Bara furanninki tun kafin kwanar coci suka zube, San Juan ya isa kogi kamar an yi masa aski."

"Bana ko guguwa ba za ta cire su ba. Ki zuba ido."

Haka kuwa aka yi. Motar nan ta je kogi ta dawo, ko fure ɗaya bai faɗi ba. Kowa ya yaba. Rosalba tana gaba tana ɗaga wa mutane hannu kamar matar gwamna. Washegari aka fizge furannin aka ƙone.

Kwana biyu bayan idi suka tafi wankin ƙoda. Chencho ya ce tun a hanyar zuwa ya ji sanyin yana raguwa. A dawowa, ƙarfe biyu na rana, babu komai sai zafi. Wanda ya taɓa ganin mutum bayan wankin ƙoda ya san yadda yake fitowa, kamar tsumman da aka matse. Chencho ya jiƙa tawul ya rufa mata, ya sauke gilashi, iskar da ke shigowa ta fi ta ciki ƙuna. Kafin mararraba ta sume. Ya juya da ita asibiti. Kwana tara ta yi, Allah ya karɓi abarsa. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaji. Garin nan bai ji likita ba. Garin nan ya ce zafi ne, kuma kowa ya san wanda ya taɓa sanyin motar.

Ranar da aka dawo da motar gareji rabin gari yana wurin, ni ma ina zan rasa. Higinio ya kaɗa ruwan sabulu, ya ɗan sa gas, ya durƙusa gaban motar yana shafawa ta cikin raga. Na ga lokacin da hannunsa ya tsaya. Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe sai ya tsaya da bayansa jikin ragar, ya ce kowa ya tafi, a dawo gobe. Ya ja motar ciki ya sauke ƙofa da tsakar rana, abin da bai taɓa yi ba.

Washegari motar tana waje da wata sabuwar kwandansa, tana sanyi kamar da. Don Evaristo ya zo da mutanen ƙungiya, Cleotilde tana bayansu cikin baƙaƙen kaya.

"To, Maistro, ina wadda ka cire?"

"Tana wurina."

"Kawo mu ga allin."

"Wannan ba zan nuna ba."

"Shekara talatin da biyar kana tsare mu a rana kana nuna mana ruɓaɓɓen ƙarfe ko ba mu tambaya ba. Yau da muka tambaya ne ba za ka nuna ba?"

"Ta huje. Na sa wata. Iyakar abin da zan ce ke nan, Don Evaristo."

Wani daga baya ya ce ai tsohuwa ya wanke ya sa, shi ya sa yake ɓoyewa. Sai Cleotilde ta ratso mutane ta tsaya a gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce, "Higinio, tare muka yi aji ɗaya da kai. 'Yata ta ce maka na gode a gabana. Allah ya sa ka daɗe a duniya kana tunawa." Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

A nan zan faɗi nawa laifin, don kada wani ya riga ni. Kwalin sabuwar kwandansar nan yana ɗakin kajina a lokacin, kaza tana kwanci a ciki. Da na buɗe baki na ce ni na ga an fito da ita daga leda, da wataƙila an tsaya an yi tunani. Ban ce ba. 'Yar baftismata ce a kabari, raina yana neman wanda zai ɗora wa. Kuma ni ma na ce a raina, in ba shi da laifi me ya hana shi nunawa? Ban tsaya a shiru ba ma. A wurin niƙa, a layin sayen tortiya, gurasarmu ta masara, a bakin coci, ni ce na riƙa cewa, "Ni dai ban ce komai ba, amma mutum ba ya ɓoye abin kirki." Kun san ni, kun san yadda maganata take tafiya. Kafin wata guda an ɗauke motar ƙungiya an kai wa wani a garin gaba. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, har mai cukun.

Wata huɗu bayan haka wata kazata ta koma yin ƙwai a waje. Na bi ta da hantsi, ta kai ni bayan garejin, inda yake tara tsofaffin tayoyi. Ina laluben ƙwai hannuna ya taɓa buhu, da abu mai faɗi a ciki. Ba zan ce muku ban yi niyyar buɗewa ba, kowa ya san ƙarya ne. Na buɗe. Kwandansa ce sabuwa fil, ƙyallinta bai dushe ba. Babu alli a jikinta ko ɗigo. Amma a tsakiyarta, ta ƙasa kaɗan, ga guntuwar wayar ƙarfe ta ratsa ta cikin bututun, an murɗe ta tam, kuma a bakin murɗin ga ɗan yagin takarda mai ruwan ƙwai, bai fi farcen yatsa ba.

Na zauna a kan taya. Ashe da komadre ta ce ko guguwa ba za ta cire su ba, ba a raga ta tsaya ba. Ta zura basilla ciki ta lalubi abin da ya fi ƙarfi, ta huda ta ɗaure a jikinsa. Ita ina ta san abin da ke bayan raga? Wa a cikinmu ya sani? Wayar ta toshe ramin kwana ɗaya, da aka fizge furen sai ramin ya buɗe.

Ina zaune na ga inuwarsa a kaina.

"Doña Herminia, ƙwai kike nema?"

"Higinio, wannan furen Cleotilde ne."

"Takarda ce. Iska tana kawo takarda."

"Iska tana murɗa waya? Kai, don Allah, dube ni. Tashi mu je wurin Evaristo yanzu da abin nan."

Ya karɓi buhun daga hannuna ya naɗe bakinsa. Ya ce, "Sai a yi yaya? Evaristo ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya miki, ke kuma ki gaya wa duniya. Kafin yamma Cleotilde ta ji cewa furen da ta yi wata biyu tana naɗawa don 'yarta ta rayu, shi ne. Kina ganin za ta kai Kirsimeti?"

"Kai fa? Sun daina ko gaishe ka."

"Ni na san abin da na sa a motar nan, ina barci. Ita da tsanata take tashi da safe, ita ke sa ta cin abinci. Idan kika ƙwace mata ni, wa ya rage ta tsana?"

Na miƙe daga kan tayar.

Ya ce, "Na san bakinki, Doña. Ban taɓa roƙon ki komai ba, ko inuwar bangona ban taɓa hana ki ba. Ki riƙe wannan muddin tana da rai."

Na yi alkawari. Amma bai yarda da ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da yammar ranar na ji ƙarar zarto. Ya yayyanka kwandansar gunduwa-gunduwa, da motar masu sayen tsohon ƙarfe ta zo ya zuba musu. Da hannunsa ya hallaka abu ɗaya tak da zai iya wanke shi.

Kai ne, Higinio, ka yi shekara shida Cleotilde tana tsallake titi idan ta hango ka, tana tofar da yawu a ƙofar garejinka duk ranar da aka yi wa Rosalba addu'ar shekara, kai kuma ka bari sai ta wuce ka watsa ruwa. Kai ne aka daina ba ka hannu a coci lokacin gaisuwar salama, ka koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa don kada ka sa mutane jin nauyi. Kai ne ka koma gyaran fanka da tukunyar gas don ka ci abinci, mutumin da masu manyan motoci suke zuwa nema daga gari uku.

Ko a haka bai huta da motar nan ba. Da idi na gaba ya matso sai ya tare ni a hanya ya ce, "Za su sake ɗaurawa da waya, kuma motar tana kai Don Lupe tsoho asibiti yanzu. Ni in na yi magana za a gane. Yi wani abu." Na ce ya bar mini. Ranar Lahadi na shiga cikin mata da fuskar wadda ta ga abin tsoro, na ce San Juan ya zo mini a mafarki, ya ce ƙarfe yana sukar sa, daga yau da zaren auduga yake so a ɗaure masa fure, kuma a waje-waje. Matar Evaristo ta ce me ya sa duk matan garin nan waliyyi bai ga wadda zai je wa ba sai ni. Na ce wataƙila so yake saƙon ya isa ko'ina kafin azahar. Shekara biyar ke nan da zare ake ɗaurawa. Fada, ka ji, ga wannan ma na faɗa, sai ka haɗa da sauran.

Akwai kuma zancen fanka. Bazarar da ta wuce fankar ɗakin Cleotilde ta tsaya, tana kwance ba ta da lafiya. Na ɗauko na ce ɗan ƙanwata zai duba. Ɗan ƙanwata ko ƙwan fitila bai iya sauyawa ba. Higinio ya kwance ta, ya naɗa mata sabuwar waya a ciki, ya goge fukafukan. Da na kunna mata sai ta ce, "Kin gani, komadre? Har yanzu akwai masu aiki da tsoron Allah. Ba irin wancan na ƙofar gidanki ba." Na ce haka ne. Na fito waje na tsaya jikin bango har sai da fuskata ta daidaita. Da na ba shi labari cewa ya yi, "Tana juyawa daidai? Ba ta ƙara?"

Cleotilde ta rasu mako uku da suka wuce, Allah ya ba ta hutawa. Ta tafi ba ta sani ba, tana riƙe da hoton 'yarta, da ranta a wanke game da kanta. Kada wanda ya kuskura ya karanta wannan ya taɓa sunanta. Ba ta yi komai ba sai abin da kowace uwa a cikinmu za ta yi, ta ɗaure da ƙarfi don kada ya faɗi. Ba ta bar ɗa ko jika da maganar za ta ƙona ba, shi ya sa na ga alkawarina ya cika.

Da aka gama addu'ar kwana tara na tsallaka na same shi yana zuba kayan aiki a akwati. Na ce zan rubuta.

"Bar shi, Doña Herminia. An riga an saba."

"Kai ka saba. Ni shekara shida abu yana cikina, har ramewa na yi."

"Ban ga alama ba."

"Zan rubuta ko ka so ko ka ƙi. Cewa ka yi muddin tana da rai."

Ya ɗauki wani ƙarfe da ya riga ya goge yana sake gogewa. Can ya ce, "Wa zai yarda da ke?"

Ba da zafi ya faɗa ba, amma ta shige ni, domin gaskiya ce. Mutumin da bai taɓa ƙarya a kan noti ɗaya ba, yau shaidarsa guda a duniya ita ce matar da duk gari ya san tana ƙara wa labari gishiri. Abin da ya fi ci mini rai ke nan a duk zancen.

Sai dai ba ni kaɗai ba ce, ko da yake ɗayan yana so ya zama haka. Kafin in fara rubutun nan na je na gaya wa Chencho. Yana cin abinci, ya ajiye cokali. Ya ce, "Da safiyar idin Cleotilde ta ce in ara mata filaya, wai wayar ta ƙi murɗuwa a ciki. Ni na miƙa mata." Na ce to ya zo mu faɗa tare. Ya ce yana da iyali, kada a ce shi ne. Chencho, ba wanda zai ce kai ne. Amma ga shi na rubuta sunanka, ran Lahadi bayan coci mutane za su dube ka, sai ka zaɓi abin da za ka yi da bakinka.

Sauranku kuma, kwana goma sha ɗaya suka rage. Ban ce ku kai masa kyauta ba, ba zai karɓa ba. Ku je ku tsaya a gabansa ku ce masa Maistro, ku ba shi hannu. Don Evaristo ya fara, tunda shi ya fara wancan. Wanda bai yarda da ni ba ya tambaye shi ido da ido ko ƙarya na yi. Ba zai ce e ba, ba zai ce a'a ba, zai sunkuyar da kai ne ya nemi abin gogewa, kuma duk wanda ya san shi ya san me hakan yake nufi. Masu tasowa da ke koyon sana'a, ku koyi aikinsa idan za ku iya, ku nuna wa mutum abin da kuka cire daga motarsa. Ɗaya halin nasa ban san yadda ake koyar da shi ba. Ni da nake ƙofa da ƙofa da shi ban koya ba.

Higinio, mai hannun sanyi, ka sanyaya mana hanya shekara talatin da biyar, muka bar ka a rana shekara shida. Na gode a madadin Rosalba, wadda ta yi mako uku tana tafiya asibiti cikin jin daɗi saboda aikinka mai kyau ne. Na gode a madadin komadre, wadda ba ta san tana da abin gode maka ba. Ka yafe mini da na faɗa ba da son ranka ba. Wanda ya fi wannan nauyi, kwalin nan da na bar kaza ta kwanta a ciki ranar da kake tsaye kai kaɗai da hula a hannu, shi ban san ta yadda zan roƙe ka ba.